Ranar da Muka Yi wa Yunwa Kwalliya

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyarwa a firamaren garinmu ba, ni da wasu mata muka haɗa wata 'yar ƙungiya ta ciyarwa. Garin namu a kan tudu yake, tsakanin Watari da Shanono. Muna ganin motocin tumatir da albasa suna fitowa daga bakin dam, amma ruwan bai taɓa hawowa gonakinmu ba, mu sai abin da damina ta ba mu. To kun dai san yadda abin yake. Da an shiga tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, gero yana gona kore shar, ido yana gani baki ba ya ci. A lokacin ne gidaje da yawa suke komawa tafasa da rama, a kwaɗanta da ɗan ƙuli-ƙuli a ce an ci abincin rana. Mu kuma sai mu ɗora wata babbar tukunya a gidan mahaifiyata, mu tuƙa tuwo, a zuba a kwanuka a rufe, a kai gidajen da muka san ba a hura wuta ba. Abin da muke roƙon Allah kowace shekara shi ne kada tukunyar nan ta huce sai an fara cin tumu.

Ni ce mai babbar waya a ƙungiyar, don haka ni ce mai shafi. Nakan ɗauki hoton tukunya, in rubuta 'yan kalmomi, in ce wanda Allah ya hore wa ya taimaka. Masu amsa min kuwa su ne dai kullum: 'yan ajinmu na kwaleji, da wani ɗan ƙanin babana da yake aiki a birni, sai maigidana, wanda shi ma sai na tsaya a kansa yake danna laik.

Sai kuma ƙawata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare, tare muka je kwaleji. Mahaifiyarta duk garin Gwaggo muke ce mata, har ita 'yar tata. Aure ya kai ƙawata Ungogo, da ta ga abin da muke yi a gida sai ita ma ta fara nata a can. Don Allah ku riƙe min wannan: ni na buɗe mata shafi. Da hannuna. Ranar ko inda ake dannawa a saka hoto ba ta sani ba, ni na nuna mata. Har hoton furen da ta fara ɗorawa a kai ni na zaɓa.

Ba a jima ba ta yi min fintinkau. Allah ya ba ta murya, ya kuma ba ta baki. In ta tsaya gaban layin mata riƙe da ludayi ta fara magana, sai ki ji kamar ki cire ɗankunnenki ki bayar. Mutane suka yi ta yaɗa bidiyonta. Aka kira ta gidan rediyo. Aka fara ce mata Hajiya, ita da ko ƙofar filin jirgi ba ta taɓa zuwa ba. Ni kuwa ina nan gaban murhu, muciya a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ina leƙen shafinta. Da na ga sabon bidiyo sai in ajiye muciya. In zauna in karanta yabon da ake mata ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sosa ƙurji, yana min zafi kuma na kasa bari. Datar da zan yi wa ƙungiyarmu aiki da ita, rabinta a shafin ƙawata take ƙarewa.

Mahaifiyata ta gano ni tun da wuri. Wata rana ta ce, "Wai me yake cikin wayar nan, kullum in kin duba sai kin yi tsaki?"

Na ce, "Ba komai Inna, sabis ne babu."

Ta ce, "To Allah ya kawo sabis ɗin. Amma ki juya tuwon nan, ƙauri nake ji."

Ni dai kishi nake kiran abin. Inna tana da wani suna da take kiransa da shi, wanda malamai suke wa'azi a kai, amma mu bar shi a kishin.

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi mana gardama. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake wata, ke nan kaka ta ƙara nisa. Hatsi ya yi tsada a kasuwa, gidajen da muke kai wa tuwo suka ƙaru, buhunmu na ƙarshe kuma ya fara durƙusawa. Kowa a ƙungiyar ya san ba zai kai mu ko'ina ba, kowa kuma ya yi shiru. Ana cikin haka sai ga sanarwa tana yawo a waya. Wasu 'yan kasuwa a birni sun haɗa hatsi, za su zaɓi ƙungiya ɗaya mai ciyarwa su ba ta abin da zai kai ta kaka. Abin da suke so kawai, kowace ƙungiya ta saka gajeren bidiyo na mutanen da take ciyarwa kafin yammacin Asabar.

Zan so in ce muku tukunyarmu kaɗai na tuna. Na tuna ta kam, Allah ya sani. Amma na kuma hango fuskar ƙawata a ranar da za ta ji an ce mu aka zaɓa, kuma wallahi hangen nan ya fi min daɗi.

Maigidana ya ce, "Ki kira ta mana ta ba ki shawara, ita da ta san kan abin."

Na kalle shi sama da ƙasa. Na ce, "Ni? Ni da na koya mata?"

Ya saɓi fartanyarsa ya fice.

Na je na sami mahaifiyata na ce, "Inna, ki sanar da matan da muke kai wa tuwo, ranar Asabar da hantsi su taru a nan. Zan ɗauke su a waya, mutanen birni ne za su gani."

Ta ce, "Mutanen birni?"

Na ce, "E, manyan Alhazai."

Ta gyara zama ta ce, "To, an gama. Je ki abinki."

Ranar Asabar tun daga zaure na ji ƙamshin turaren wuta. Na ce a raina, ikon Allah, wa ya haihu ban sani ba? Ina shiga tsakar gida ƙafata ta tsaya. An share gidan fes, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi da dardumar da ban taɓa ganinta a gidanmu ba. Ga mata zazzaune, kowacce hannu ja da lalle, ido raɗau da kwalli, ɗauri ya tashi sama kamar ranar Sallah. Wadda na san zanenta ɗaya ne a duniya, yau ga ta cikin atamfa mai guga. An jero kwanukan samira masu fure a gindin bango, na wata amarya ne aka aro daga can ƙasan gari. An dama fura an rufe da faifai. Kuma wai har kaza aka yanka, tana ta ɓararraka a ƙaramar tukunya.

Na ja mahaifiyata bayan rumbu. Na ce, "Inna! Mene ne haka?"

Ta ce, "Mene ne me?"

"Yunwa fa za mu nuna musu!"

Ta riƙe haɓa. "Yunwa? Ke da bakinki kika ce mutanen birni za su gan mu. So kike su gan mu kamar waɗanda aka tono daga rami? Mu ba mu da dangi ne? Baƙo zai leƙo gidanka, ko ta waya ce, ai sai ka kimtsa."

Na ce, "To kazar fa? Ai ba zuwa za su yi ba, balle su ci."

Ta ce, "Su dai ga an yanka." Sannan ta dube ni tun daga kai har ƙafa ta ce, "Ke da kike ta faɗa, dubi kanki mana."

Na dubi kaina. Mayafina na zuwa biki ne a jikina, wanda nake ajiyewa a ƙasan akwati. Na shafa hoda, na zizara kwalli, har jambaki na ɗan goga. Ashe ni ma da na tashi da safe abin da zuciyata ta gaya min ke nan, mutanen birni za su gan ni.

Lokaci yana tafiya, ba yadda zan yi, na ɗaga waya. Na ce, "Don Allah iyayena ku ɗan ɓata rai." Ai kamar na ce su yi dariya. Wannan ta rufe baki da mayafi, waccan ta zunguri ta kusa da ita, wata tsohuwa daga baya ta ga abin ya yi kyau kawai sai ta rangaɗa guɗa. Gwaggo tana sahun gaba cikin wani jan zane mai ɗaukar ido. Gwaggon da mijinta ya rasu, ɗanta namiji ya rasu ya bar mata jikoki, wadda na san ranar da ba mu kai tuwo ba gidanta ko hayaƙi ba ya tashi. Na matsa kusa da ita na ce ta gaya wa mutanen birni halin da ake ciki. Ta gyara ɗauri, ta kalli waya ta ce, "Muna gaida mutanen birni da kyau. Mu nan lafiya lau muke, alhamdulillahi, sai godiyar Allah."

Haka na saka shi, don ba ni da wani.

Ranar ce rana ta farko da mutane suka cika shafina, kuma duk dariya suka zo yi. Wani ya rubuta, "Allah ya ba da zaman lafiya, ina angon?" Wata ta ce, "Malama, waɗannan ai mu ya kamata su taimaka wa." Wani kuma ya ce a ajiye masa cinyar kaza. Na kifa wayar a kan katifa, na ɗauka, na sake kifawa.

Ba sai na gaya muku wa aka zaɓa ba. Bidiyon ƙawata ya fito tsaf: dogon layi, kwanuka a hannu, ita kuma tana tafe tana bayani da muryar nan tata. A can Ungogo mutane daga ko'ina suka taru, ta gabanki a layi ba ta san gidanku ba, ke ma ba ki san nasu ba, don haka ba mai damuwa da waya. Na gaya wa kaina haka sau ba adadi don in ji sanyi, ban ji ba. Da yamma sai ga kiranta. Ina ɗauka na ji tana ƙyaƙyata dariya.

"Malama! An yi biki a gari ba gayyata?"

Na ce, "Hajiya, ina taya ki murna. Tuwona yana wuta." Na kashe. Ba wani tuwo a wuta, a bakin gado nake zaune ina huci.

Kashegari na ce bari in gwada ta wata hanya, ko wasu masu hali za su gani su tausaya. Na shiga gidan Gwaggo, na tarar tana tsinke tafasa, jan zanen nan babu shi, ta koma cikin tsohon nata. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, so nake in ɗauki cikin rumbunki a waya. Ba zan nuna fuskarki ba."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta ce, "Rumbuna? Ki nuna wa duniya cikin rumbuna? Wa ye bai san rumbuna ba a ƙasar nan? 'Yata tana gidan miji, surukanta kowa da waya a hannu. So kike a ce ga uwar matar wane can tana bara? Gara in ci tafasa har kaka, 'yar nan. Tashi ki je, na gode."

Na tashi na fita. A satin nan muka rage yawan tuwon da muke zubawa a kowane kwano, muka ƙara wa miya ruwa. Wadda take kankare tukunya ta ce min, "Malama, in ba wani ikon Allah ba, Juma'a mai zuwa ba za mu ɗora ba."

Ana haka ƙawata ta sake kira. Na so in ƙi ɗauka, sai dai na ɗauka. Wannan karon ba dariya a muryarta.

Ta ce, "Na sake kallon bidiyon nan naki. Jan zanen da ke jikin Gwaggo na wa ye?"

Na ce, "Na Inna ne."

"Ina atamfar da na ɗinka mata da Sallah?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Don girman Allah ki gaya min."

Na ce, "An kai kasuwa tun farkon damina."

Na ji numfashinta ya canza. Ta ce kullum ta kira, Gwaggo sai ta ce mata lafiya lau, har ta ce kada ta aiko da komai, ta ji da gidanta. Kuma gaskiya ƙawata ba wani hali gare ta ba. Mijinta ɗan adaidaita sahu ne, hatsin da aka ba ta kuwa amana ce ta mutanen Ungogo, da sunansu aka bayar, ba ta da ikon karkato shi. Ta ce, "Ku fa? Me ya rage muku?" Na gaya mata gaskiya, duk da gaskiyar ta yi min ɗaci a baki. Sai ta ce in turo mata bidiyon. Na tura ina cewa a raina, to, a ƙara yi mana dariya a babban shafi.

Da safe ina shirin tafiya makaranta wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na buɗe shafinta. Bidiyona ne, wanda na ɗauka da hannuna, har inda hannun nawa ya yi rawa yana nan. Ta cire hayaniyarmu ta ɗora muryarta a kai. Ba zan manta ba, cewa ta yi:

"Kun yi wa bidiyon nan dariya, ni ma na yi. Garinmu ne. A garinmu ko mace ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, in aka ce baƙo zai gan ta sai ta ari zane ta yi lalle, in ka tambaye ta ta ce maka lafiya lau. Ba zan nuna muku uwar kowa ba, tawa zan nuna muku. Ku dubi mai jan zanen nan. Ita ta haife ni. Zanen aro ne, nata ta sayar ta ciyar da marayu, ni 'yarta ban sani ba sai a bidiyon nan. Wata malama a garinmu ita da wasu mata suke kai musu tuwo, kuma hatsinsu ya ƙare."

Jama'a, abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Waɗanda suka yi dariya kwanakin baya suka dawo suna neman gafara. Mai neman cinyar kaza ya ce ya ɗauki nauyin buhu. Kafin Juma'ar nan da muke tsoro, mota ta tsaya a ƙofar gidan mahaifiyata, aka yi ta sauke gero da dawa da masara har ɗakin ajiyarmu ya kasa ɗauka, aka kai saura zauren liman. Mata suna ta hamdala, Inna tana share hawaye.

Ni fa? Na yi hamdala, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma kalma biyu suka tsaya min a rai suka ƙi wucewa: wata malama. Wata malama! Ni da muka tashi katanga ɗaya. Ni da na buɗe mata shafin da take magana a kai. Waya tawa, bidiyo nawa, hayaƙin murhu a idona, amma ko sunana bai samu shiga ba. Ita kuwa yabo har ya fi na da. Wannan ya ce jaruma, wancan ya ce uwar marayu, gidan rediyo ya sake kiranta. Direban da ya kawo hatsi ma da ya sauko cewa ya yi, "Nan ne garin su Hajiya?" Na ce masa nan ne, ina murmushin yaƙe. Na kai ƙara wajen maigidana, ya ce, "To ke hatsi kike nema ko suna?" Na ce duka biyun, kuma kada ya sake yi min irin wannan tambayar.

Ina can ina fama da kishina, ban lura da abin da yake faruwa a bayan katanga ba. Labari ya riga ya zagaya. Wani ya nuna wa wani a kasuwar Shanono, wata ta kunna a gidan suna, har ya dawo kunnen Gwaggo. Da aka kai mata rabonta na hatsi ta ce a fitar mata da shi daga gida. Ta daina karɓar ko tuwon da take karɓa a da. Ta ce, "Hatsin da aka sayar da mutuncina aka sayo? Ku ci, na yafe muku." Wasu matan ma suka ɗauke wa ƙawata gaisuwa tun daga nesa, suka ce yarinyar nan birni ya cire mata kunya, yau uwarta ta nuna, gobe wa ya sani.

Ga hatsi har zauren liman, ga jikokin Gwaggo suna cin tafasa. Abin ya dame mu ƙwarai. Daga ƙarshe sai muka bi ta hanyar da mata suka saba. Inna ta ɗebi gero a ƙwarya ta leƙa ta katanga ta ce, "Gwaggo, aiki ya yi mana yawa, ki taimaka ki surfa mana wannan, bayana ya ƙi." Surfe aiki ne, ba sadaka ba, kuma mai surfe tana da ladanta. Gwaggo ta karɓa. In ta surfa ta miƙo, sai Inna ta ɗebi kaɗan ta ce sauran ladan aiki ne. Gwaggo ta san ladan ya fi aikin nesa ba kusa ba, Inna ta san ta sani, ba wadda ta taɓa ɗaga maganar. Haka aka yi ta yi har gero ya nuna. Tukunyarmu ba ta huce ba ko rana ɗaya, sai da muka ga yara suna yawo da tumu a hannu sannan muka wanke ta muka kife.

Bayan an yi girbi ƙawata ta zo gari. Na daɗe ina jiran ranar. Na shirya maganata tsaf, na san inda zan fara da inda zan tsaya, duk a kan "wata malama". Ina ɗakin Inna na jiyo sallamarta a gidansu. Na jiyo ta durƙusa tana gaisuwa, na jiyo Gwaggo ta ce "lafiya" sau ɗaya, daga nan sai ƙarar taɓarya. Ta ci gaba da dakanta kamar ba kowa a wajen. Jim kaɗan sai ga ƙawata ta shigo ɗakin Inna, ta zauna a bakin gado ta cire mayafi, idonta jawur. Hajiyar da ake ji a rediyo, ga ta nan tana jan hanci kamar lokacin da malamin allo yake zane mu.

Duk da haka ban fasa ba, kun ji halina. Na bari ta ɗan lafa, na ce, "Sannu da zuwa. Wata malama tana gaishe ki."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Na san kin ji haushi."

Na ce, "Ni? Haushin me?"

Ta ce, "Haba ƙawata, yau na san ki? Sai da na faɗi sunanki a ɗauka ta farko, na goge na sake. Na san za a yi fushi a garin nan. Ni in an yi fushi da ni mota zan hau in koma Ungogo. Ke a nan kike kwana, a nan kike tashi, ke ce mai shiga gidajen nan da kwano. In aka ce da bakinki aka tona asirin Gwaggo, wace ce za ta sake buɗe miki ƙofa?"

Maganar da na kwana biyu ina shiryawa ta bi iska. Sai na tashi na ce bari in kawo mata ruwa, alhali ga ruwa nan a gabanta Inna ta riga ta kawo.

Gwaggo ta daɗe ba ta huce ba. Sallah ta zo ta wuce, wata daminar ma ta zo ta wuce, gaisuwa dai "lafiya" ce ba ƙari. Sai da ƙawata ta haihu, aka aiko, sannan ta ɗaura zane ta hau mota ta tafi wankan jego. Ko a can, an ce min, ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma duk wanda ya ɗaga waya a gabanta sai ta juya masa baya.

Yanzu shekaru sun ja. Ƙungiyarmu tana nan, tukunya ta zama biyu. Shafina ya ɗan motsa, amma tukwane da hannuwa kawai nake ɗauka, kuma ban sake cewa kowa mutanen birni za su gan shi ba. Shafin ƙawata kuwa sai abin da ya ci gaba. Kuna jira in ce muku kishin ya tafi, ko? Bai tafi ba. Har gobe in na ga ta saka sabon bidiyo sai ya ɗan taso min, sai dai yanzu na san ainihin abin da yake ci na. A bidiyon nan mahaifiyata tana zaune kafaɗa da kafaɗa da Gwaggo. A satin ita ma akuyarta ta ƙarshe ta sayar ta sayo hatsi ta zuba mana a buhu, kuma na sani, don ni na riƙe igiyar har bakin hanya. Ina da waya, ina da shafi, ina da labarin da ya kai na Gwaggo. Ko sau ɗaya bai zo min a rai in faɗa ba, kuma ko yau aka ce in faɗa a bidiyo da fuskarta a ciki, wallahi ba zan iya ba. Da ni kaɗai aka bar wa tukunyar nan a shekarar, da na tsira da mutuncin uwata, yaran garinmu kuma su kwana da yunwa har kaka. Ita ta iya, ta kuma biya da fushin mahaifiyarta na fiye da shekara. Wannan nake kishi, kuma shi ba a buɗe wa mutum shi da hannu kamar shafi.